Jarumtaka: Kame Hannu Lokacin Fushi

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, tambayar wannan mako ita ce: wane ne jarumi?

A wurin mafi yawan mutane, jarumi shi ne wanda ba ya ja da baya. Malamai ba su tafi a kan haka ba. Imamu Gazali ya bayyana a cikin Ihya'u cewa jarumtaka hali ce tsaka-tsaki, tana tsakanin ragwantaka da ganganci. Hadisi kuma ya inganta cewa mai ƙarfi na gaskiya shi ne mai mallakar kansa idan ya fusata, ba mai kayar da mutane a kokawa ba.

Shekara ta 8 bayan Hijira ta bar darasi biyu. A Mu'uta, Musulmi 3,000 sun gamu da rundunar Rumawa wadda ta ninninka su. Zaidu da Ja'afaru da Abdullahi ɗan Rawaha suka yi shahada ɗaya bayan ɗaya. Da Halidu ɗan Walidu ya karɓi tuta, sai ya yi dabara ya janye jama'a. Wasu a Madina suka kira su magudana, amma Annabi (SAW) bai yarda da wannan suna ba. Bayan 'yan watanni ya shiga Makka da mutum 10,000, waɗanda suka kore shi suna tafin hannunsa, sai ya yafe wa jama'ar garin. Ashe mai rauni yana da jarumtakarsa, watau ya tsare rayukan mabiyansa. Mai ƙarfi kuma yana da tasa, watau ya mayar da takobi kube.

Mutanen Gyallesu a Zariya sun ga abin da rashin waɗannan biyu yake haifarwa. Ran 12 ga Disamba 2015, almajiran Shaihu Ibrahim Zakzaki suka tare wa ayarin hafsan sojan ƙasa, Janar Tukur Buratai, hanya. Aka yi ta ba su baki, ba su kauce ba. Daga nan wuta ta kama, har ta isa gidan malamin a Gyallesu. Hukumar binciken da gwamnatin Kaduna ta naɗa, a ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Garba, ta ba da rahoto a 2016 cewa an binne mutum 347 a kabari guda, soja ɗaya kuma ya rasa ransa. Ta ce soja sun wuce gona da iri wajen amfani da ƙarfi, ta kuma zargi ƙungiyar da ƙin bin doka.

Laifin biyu ba nauyinsu ɗaya ba, domin wanda aka danƙa wa bindigar al'umma hisabinsa ya fi tsanani. Amma tushensu guda ne: halin ɗan Adam na tsoron kada a ce ya ji tsoro. Wannan tsoro shi ne yake sa riga irin ta jarumtaka, yana hana mutum matsawa taku ɗaya, alhali takun nan zai iya fansar rayuka. Hausawa sun ce haƙuri maganin zaman duniya, ba kuwa don rago suka faɗa ba. Rago ba ya da abin da zai danne.

Saboda haka, mai jama'a ya tuna da Halidu, mai mulki ya tuna da ranar buɗe Makka. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba masu rai ikon mallakar zukatansu. Amin.