SULHU DA MAƘWABCI BA RAGWANTAKA BA NE

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana samari, da yawanku kuna ƙanana ranar Juma'a 28 ga watan Nuwamba 2014. To, ku tambayi yayyenku da iyayenku. A ranar an cika Babban Masallacin Kano da ke jikin Gidan Rumfa, an daidaita sahu, sai bom ya tashi, aka bi masu gudu da harbi. Mutum fiye da 100 suka rasu. Kafin wannan, ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012, an kai wa garin nan hari wurare da yawa a yini ɗaya, aka kashe fiye da mutum 180. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu.

Abin da nake so mu duba yau shi ne: ta ina wannan masifa ta Boko Haram ta sami wurin sakewa har ta yi ƙarfi haka? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, bangon da ke tsakaninmu da maƙwabtanmu ya daɗe a tsage.

Ku duba Nijeriya da Kamaru. Shekara da shekaru ana jayayya a kan yankin Bakasi, har sojoji suka yi ta harbin juna. Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya a 1994, kotu ta ba ta gaskiya a 2002, Nijeriya ta gama miƙa yankin a 2008. Shari'a ta ƙare, amma zukata ba su huce ba. Haka nan Cadi: a 1983 an gwabza da ita a kan tsibiran Tafkin Cadi. Saboda haka kowa na zaune yana hararar ɗan'uwansa. Mai kisa kuwa ba ruwansa da iyaka. Ya yi ɓarna a Barno, ya haye duwatsun Mandara, sojan da ya biyo shi ya ja ya tsaya, don ba shi da izinin ƙetarawa.

Yaushe aka farka? Sai da aka kwashe 'yan mata fiye da 200 daga makarantar Cibok a watan Afrilu 2014. Sannan a watan Mayu Shugaba Jonathan da Shugaba Biya na Kamaru, da shugabannin Cadi da Nijar da Benin, suka zauna wuri ɗaya. A ina? A Faris, babban birnin Faransa! Maƙwabta ne, katanga ɗaya, amma sai da wani ya kira su gidansa kafin su dubi juna. Wannan ba abin kunya ba ne, 'yan'uwa?

Ko bayan zaman ma an yi ta jan ƙafa. A tsakanin nan aka zubar da jini a masallacinmu. A watan Janairu 2015 aka afka wa Baga, a Fabrairu wutar ta haura Bosso da Diffa cikin Nijar. Da kowa ya ga gemunsa ya kama wuta, sai aka haɗa hannu da gaske. Sojan Cadi suka shigo aka ƙwato Gamboru, sojan Cadi da na Nijar suka ƙwato Damasak. Janar Buhari, wanda shi ne ya jagoranci sojanmu a faɗan 1983, da ya hau mulki a 2015 tafiyarsa ta farko Yamai ce da Injamena, sannan ya je Yawunde a watan Yuli. Aka farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa, aka sa hedikwatarta a Injamena.

To, wani saurayi mai zafin kai zai ce, "Malam, ai wannan zubar da girma ne. Yaya za ka je gidan wanda kuka yi faɗa da shi jiya?"

Ɗan'uwana, ka fi Manzon Allah (S.A.W.) girma ne? A shekara ta 6 bayan Hijira ya zauna da Ƙuraishawa a Hudaibiyya, mutanen da suka kore shi daga garinsu, suka yaƙe shi a Badar da Uhudu. Ya yarda da ajiye makami na shekara 10, da sharuɗɗan da suka yi wa sahabbai nauyi ƙwarai, har Sayyidina Umar ya kasa haƙuri ya yi magana. Amma Allah Ta'ala Ya kira wannan sulhu buɗi. Ka je ka karanta Suratul Anfali aya ta 61: an umarci Annabi da cewa in abokan gaba sun karkata ga zaman lafiya, shi ma ya karkata, ya dogara ga Allah. In haka ne game da abokin gaba, ina ga maƙwabci? Maƙwabcin da Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi wasiyya da shi har ya yi zaton za a ba shi gado!

Ku lura, sulhu ba wauta ba ne. Ba a ce ka rufe ido ba. A Hudaibiyya rubutawa aka yi, da sharaɗi da shaidu, kuma da aka karya alkawari an ɗauki mataki. Ka yi sulhu, ka tsare ƙofarka. Abin da aka hana shi ne girman kai ya sa ka ƙi zama da ɗan'uwanka alhali jinin bayin Allah na zuba.

Kada ku ce wannan labarin da ne. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023 an rufe iyaka, an yanke wuta. Wa ya sha wuya? Ku tambayi 'yan Kwari da 'yan Dawanau, da direbobin hanyar Maraɗi da Damagaram, da wanda 'yarsa ke aure a can. An buɗe iyaka a 2024, amma zargi bai ƙare ba. A watan Maris 2025 Nijar ta ce ta fita daga rundunar haɗin gwiwa. A cikin wannan watan kuma aka kashe masallata 44 ranar Juma'a a Fambita, yammacin Nijar, cikin azumi. Irin abin da ya same mu a 2014 ke nan. A Afrilu ministan harkokin wajenmu na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je Yamai aka zauna. Madalla da wannan, Allah Ya sa a ɗore.

Mene ne naku a ciki, ku samari? Abu uku.

Na ɗaya, ku tsare harshenku da yatsunku. Zagin mutanen Nijar ko Cadi ko Kamaru a Facebook, da yaɗa labarin da ba ka tabbatar ba, ƙara tsaga bango ne. Suratul Hujurati ta umarce mu da bincike kafin mu ɗauki labari.

Na biyu, duk wanda ya zo muku da halatta jinin mutane da sunan addini, ku guje shi, ku sanar da iyaye da malamai da hukuma.

Na uku, ku fara da unguwarku. Gabar da ke tsakanin samarin wannan lungu da wancan, ita ma tsaga ce. Wanda kuka yi wata uku ba ku gaisa ba, ka riga shi yin sallama yau. Kada ka jira sai a wurin jana'iza.

Allah Ya haɗa kanmu, Ya shiryi shugabanninmu, Ya zaunar da ƙasarmu da ƙasashen maƙwabtanmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.