Dala ɗari ko 500?

In mutum ya kasa aiki da na'ura, laifin wa ne? Da sauri mukan ce jahilci. Ni dai ban yarda ba.

A ce malami ya ba ɗalibai huɗu aikin haɗa manhajar lissafi ta waya don ƴan kasuwar Maradi. Waya ta nuna 500 F. Mai albasa kuwa dala ɗari ta sani, tunda dala guda tamma biyar ce. Lissafi da ka, ta fi mu sauri. Manhajar ce ba ta jin yarenta.

Don Norman, cikin littafinsa na 1988, ya nuna cewa in mutane da yawa suna tuntuɓe wuri guda, maƙerin abin za a tuhuma. Shi ya sa ake tura ɗalibai rumfa: su miƙa mata wayar, su yi shiru, su kalli inda yatsanta ya tsaya, su koma su gyara.

Wani zai ce lokaci ya ƙure, maki ake nema. To, amma maki namu ne, asarar kuɗi tata ce. Ka yi wa mutum abu ba ka tambaye shi ba, ƴan uwa, raini ne, ko da niyyarka alheri ce.