Shin Fiɗar Zuciya Tana Ƙara wa Tsoho Kwana?

An kawo mini mas'alar wani dattijo da ya haura saba'in, jijiyoyin da ke shayar da zuciyarsa sun toshe. Likita ya ce a yi fiɗa. 'Ya'yansa suna son sayar da gona su biya, shi kuwa ya ce ajali ba ya gaba, ba ya baya.

Surar aikin ita ce a tsaga ƙashin ƙirji, a ɗauko jijiya daga ƙafa ko daga cikin ƙirjin, a yi wa jini hanya ta kewaye wurin da ya toshe. Wani likita mutumin Ajantina, René Favaloro, shi ya kafa wannan hanya a Amurka a 1967. Jijiyar ƙirji ta fi ƙarko: kusan 9 cikin 10 suna nan a buɗe bayan shekara 10, ta ƙafa kuwa kusan rabi sukan toshe ko su ƙuntata. Tsoho ya fi yaro fuskantar shanyewar jiki da ciwon ƙoda a kwanakin farko, amma da yawa daga waɗanda suka tsallake su sukan rayu kusan kamar tsaransu.

To, idan ka ce wannan ƙarin kwana ne, sai mu ce a'a. Lissafin likita hukunci ne a kan jama'a, kamar manomi da ya san yawancin irin da ya shuka zai tsiro, bai san wace ƙwaya ba. Ajali kuwa na mutum guda ne. Fiɗa sababi ce, kuma sababi yana cikin ƙaddara. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya juyo daga hanyar Sham saboda annoba, bai ga haka ya saɓa wa tawakkali ba.

Sai dai 'ya'yan ma sun yi gaggawa, domin malamai da yawa ba su wajabta maganin da ba a tabbatar da amfaninsa ba. Na ce musu su bar tambayar yawan shekaru, su tambayi likita: zai iya takawa masallaci ba tare da ƙirjin ya matse shi ba? Ƙodarsa za ta jure? Wa zai sayi ƙwayoyin da zai sha har ƙarshen rayuwarsa, idan gonar ta tafi? Su kawo masa amsar da harshen da yake ji, sa'an nan su yi shiru. Ƙirjin nasa ne, gonar ma tasa ce.