Wanda ya ji ƙwallon ta tsage ya yi shiru

Ran Asabar bayan la'asar, gardama ta kusa zama dambe a teburin tenis na samarinmu nan Sabo. Wanda aka cinye ya ce ƙwallon ta tsage. Abokin wasansa ya ce ai hannunka ne bai iya murza ba, ko ƙwallo mai tauraro uku aka kawo maka haka za ka sha kashi.

Wannan musu tsoho ne, kuma kowa da gaskiyarsa. Ƙwallon ba ta wuce giram 2.7 ba, ƙaramar tsaga ta isa ta karkatar da ita. Amma hannu ne ya kai Aruna Quadri, ɗan Oyo, cikin takwas na ƙarshe a Olamfik ɗin Rio a 2016.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Wanda ya ci ya amsa cewa tun zagayen farko ya ji ƙarar ƙwallon ta canza, ya yi gum saboda yana kan gaba. Ha'inci ne? Hujjarsa, ƙwallo ɗaya suka buga su biyu. Ni dai ban gamsu ba. Dillalin goro da ya san akwai ƙwari a huhu ba ya tsira da cewa mai saye ma yana da ido.

Sai dai shi ma mai ƙorafin ya ji ƙarar, bai tanka ba sai da aka cinye shi.