Ƙugiyar da ta faɗo a Harami, da masu cewa "ai ƙaddara ce"

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwa, wanda ya yi Hajjin 2015 ba zai manta da yammacin Juma'ar 11 ga Satumba ba. Saura ƙasa da mako biyu a fita Mina, hadari ya taso a Makka da ruwa da iska mai ƙarfi, sai wata ƙatuwar ƙugiyar ɗaga kaya ta aikin faɗaɗa Masallaci ta kife, ta faɗo cikin Harami. Sama da mutum 100 suka rasu, kusan 400 suka ji rauni, har da alhazan Najeriya cikin mamatan. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu.

A lokacin kowa cewa yake sun dace, ga Juma'a ga Harami. Muna yi musu wannan fatan. Amma hukumar Saudiyya ba ta ce ƙaddara ce ta rufe magana ba. Ta kafa kwamiti, kwamitin ya gano an bar hannun ƙugiyar a miƙe sama, alhali ƙa'idar waɗanda suka ƙera ta ita ce a sauke shi in ba a aiki ko in iska ta taso. Sarki Salman ya dakatar da kamfanin daga karɓar sababbin kwangiloli, a 2023 kuma kotu ta same shi da sakaci, ta ci shi tarar riyal miliyan 20.

To ka gani. Mun yi imani babu ran da zai fita sai ajalinsa ya yi, amma wannan bai wanke mai sakaci ba. Mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙuminsa ya yi tawakkali, umarnin da aka ba shi shi ne ya ɗaure tukuna. Kuma aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa mai kisan kuskure diyya da kaffara. In da faɗin "ƙaddara ce" yana isarwa, me ya kawo azumin wata biyu a jere?

Ina wannan magana ne saboda abin da idona ke gani a wuraren gini a Abuja da Kano. Wallahi wani lokaci sai gabanka ya faɗi.

Kai direban ƙugiya, ɗan uwa, amanar rayuka ce a hannunka. Kowace ƙugiya tana da takardar da ta nuna nauyin da za ta iya ɗauka, kuma nauyin ba ɗaya ba ne a ko'ina. Iya nisan da ka miƙa hannunta, iya raguwar ƙarfinta. Gwada da kanka: riƙe bokitin ruwa a jikinka, sannan ka miƙe hannu da shi. Abin da ta ɗaga lafiya a kusa, shi zai kifar da ita a nesa. Don haka kada ka ɗaga abin da ba ka san nauyinsa ba. Kankare mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaiɗai ya kusa tan biyu da rabi, ido kuwa ba ya auna wannan. Na'urar da ke ƙara in kaya ya yi yawa, wasu kashe ta suke yi wai tana ɓata musu lokaci. Wanda ya kashe ta da hannunsa, sannan rai ya salwanta, da wane baki zai ce kuskure ne?

Sai ƙasa. A buɗe ƙafafun motar gaba ɗaya, a ɗora su kan katako mai kauri, nesa da bakin rami da sokawe, musamman da damina da ƙasa ta sha ruwa. A duba igiyar waya kullum kafin a fara. Wadda silinta suka tsintsinke ko ta lanƙwashe a ajiye ta. A yi nesa da wayoyin lantarki, don babbar wuta tana iya tsallakowa tun ƙarfe bai taɓa waya ba. Mai ba direba alama da hannu ya zama mutum ɗaya sananne, amma in wani ya ce a tsaya, ko lebura ne, a tsaya.

Kai kuma Alhaji mai kwangila, naka ya fi nauyi. Ka yi hayar ƙugiya ta kwana ɗaya, iska ta taso, direba ya ce a dakata, ka ce kuɗinka na tafiya, ko ya ɗaga ko ka kira wani. Talaka ne mai iyali, zai ɗaga. In kayan ya faɗo kan yaron da ke kwaɓa siminti a ƙasa, kada ka zaci buhun shinkafar da za ka kai gidan makoki ya sauke maka haƙƙi. Asalin diyyar rai raƙuma 100 ne, kuma haƙƙin magada ne. Su kaɗai ke da ikon yafewa, ba a tursasa su da cewa ai Musulmi ba ya jayayya da ƙaddara.

Mu ma masu wucewa muna da laifi. Da an fara ɗaga kwantena sai ka ga an taru ana ɗaukar bidiyo, mai tallan abinci ta kafa tukunya a inuwar motar, almajirai na gilmawa ta ƙarƙashin kaya. A kewaye wurin da igiya, a sa mutum ya tsare. In kuma lokacin salla ya yi, a sauke kayan ƙasa kafin a tafi alwala, kada a bar shi yana lilo a sama a ce yanzu za a dawo.

Wallahu a'alam.