Alƙalami a Inuwar Fada

Hausawa kan ce kusa da sarki, kusa da wuta. Tambayar da muke son dubawa ita ce: idan marubuciya ta kasance 'yar gidan sarauta, ko tana raɓe da shi, dangantakar nan ƙarfi take ƙara wa alƙalaminta ko dabaibayi take sa masa?

A Ingila an ga fuskokin biyu. Barbara Cartland ta rubuta littattafai fiye da 700, kuma sunanta ya ƙara fitowa domin 'yarta Raine ta auri mahaifin Gimbiya Diana a 1976. Ita kuwa Fanny Burney, wadda littafinta Evelina ya fito a 1778, ta shiga hidimar Sarauniya Charlotte a matsayin mai kula da tufafi daga 1786 zuwa 1791. A tsawon shekarun nan biyar ba ta fitar da ƙagaggen labari ko ɗaya ba. Fada ta ba ta albashi da daraja, ta kuma cinye mata lokaci.

A nan gida muna da misali mafi girma. Nana Asma'u (1793-1864) 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ce, ƙanwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, matar Waziri Giɗaɗo. Ba don wannan gida ba, da wuya ta sami malamai da littattafai da sukunin yin waƙe da Larabci da Fillanci da Hausa. Sai dai ba ta ɓoye abin da ta samu ba. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jajoji, tana ba su malafa, suna kai waƙoƙinta ga matan ƙauyuka domin su koyi addini. Bashin da gata ya ɗora mata, ga talakawa ta biya shi.

Duk da haka, mu da muke zaune a Abuja akwai abin da bai kamata mu manta ba. Jihadin da Asma'u ta waƙe nasarorinsa shi ne ya fitar da Sarkin Zazzau Makau daga Zariya, ya yo kudu har Zuba. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja, wanda kuma babban birnin nan ya ari sunansa. A cikin ayarin nan akwai mata da suka baro ɗakunansu da kaburburan iyayensu, amma ba su bar mana diwani irin na Asma'u ba. Takarda da tawada sun fi zama a gidan da ya yi rinjaye.

Wannan ba ya rage darajar Asma'u ko kaɗan. Abin da yake koya mana shi ne, ba a zargin mutum da gidan da aka haife shi, domin ba shi ya zaɓa ba. Abin tambaya shi ne wa ya amfana da gatansa. Nauyi na biyu kuwa a kanmu yake, mu manazarta da ɗalibai. Idan mun karanta wadda fada ta adana muryarta, wajibi ne mu je Suleja da Zuba mu saurari waƙoƙin niƙa da na daɓe a bakin tsofaffin mata, mu rubuta su tun masu su na raye.