Alƙalami da Jari a Hannu Ɗaya

Michael Arrington ɗan Amurka ne da ya karanta aikin lauya, daga baya ya ajiye shi ya shiga harkar intanet. A shekarar 2005 ya buɗe shafin TechCrunch, inda yake rubutu kan sababbin kamfanonin fasaha da ke tasowa a yankin Silicon Valley na jihar Kalifoniya. Ba a daɗe ba maganarsa ta fara ciniki: kamfanin da ya yaba, masu kuɗi su bi shi da jari, wanda ya kushe, sai ya yi da gaske. A 2008 mujallar Time ta sa shi cikin mutum 100 mafiya tasiri a duniya, a Satumban 2010 kuma kamfanin AOL ya sayi shafin.

Shekara guda bayan nan rigima ta tashi. Arrington ya kafa CrunchFund, asusun dala miliyan 20 na zuba jari a irin kamfanonin da shafin ke ba da labarinsu, har AOL ma ta sa kuɗinta. Ƴan jarida suka yi masa ca. Arianna Huffington, wadda ke jagorantar sashen labarai na AOL, ta ce ba zai ci gaba da aikin edita ba. Kafin Satumban 2011 ya ƙare, ya bar shafin da ya gina da hannunsa.

Hujjarsa ba ta raini ba ce. A ganinsa babu marubucin da ba shi da inda ya karkata, ko don abota ko don gaba, saboda haka gara mutum ya fito fili ya ce yana da hannun jari a kamfani kaza, mai karatu ya yi wa kansa alƙalanci. Na yarda wanda ya faɗa ya fi wanda ya ɓoye. Tambayata ita ce: faɗar ta wadatar?

Ni dai a ganina ba ta wadatar ba, kuma aikin rediyo ne ya koya mini dalili. Babban ikon mai gabatar da shiri yana wurin zaɓe ne: wane labari zai shiga, wane zai kwana a kan tebur, wa za a gayyata, wace tambaya za a tsallake. Mai sauraro yana jin abin da aka faɗa, amma ba shi da hanyar jin abin da aka yi shiru a kansa. Haka marubuci zai iya manna sanarwar jarinsa a ƙasan labarin da ya rubuta, amma ina zai manna ta a kan labarin da ya ƙi rubutawa? Idan kamfanin da ya sa wa kuɗi ya fara tangal-tangal, shirunsa kaɗai ya isa ya kare dukiyarsa, ba tare da ya yi ƙarya ko ɗaya ba.

Akwai kuma ƙaramin ɗan kasuwar da ke gasa da kamfanin da marubucin ya sa wa jari. Zai saki jiki ya buɗe masa sirrin sana'arsa? In an kushe shi, ta yaya zai tabbatar gaskiya ce ta yi magana, ba aljihu ba? Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ko da bai yi askin ba, jama'a za su riƙa kallon hannunsa.

Ban ce neman kuɗi laifi ba ne, ban kuma ce Arrington ya ci amanar kowa ba. Mutum na iya zama dillali na gari, yana iya zama alƙali na gari, amma ba a kan akuya ɗaya ba. Matasanmu da ke sharhin wayoyi da manhajoji a Facebook da YouTube za su tarar da wannan mararraba ranar da kamfani ya fara aiko musu da kyauta. Gara su yanke shawara tun kyautar ba ta iso ba.